Takardar da ka ga na tsinta

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi daga waya, amsar kuma da biro nake rubutawa, ita za ta buga maka. Ka ce ran sunan nan ka gan ni na sunkuya, da sandata a hannu, na tsinci wata takarda a ƙofar gida na soka ta a tsagar katanga, alhali takardar ƙosai ce duk maiƙo. Kana so ka ji ko addini ne ko camfi, kuma me zai sa tsoho ya wahalar da bayansa yanzu da komai yake cikin waya. Da farko na yi murmushi. Daga baya jikina ya yi sanyi, don ban taɓa zaton ɗan gidanmu zai yi wannan tambaya ba.

Mu da allo muka buɗe ido. Alƙalami na gamba, tawada mu muke haɗa abarmu da ƙaro, in an biya an haddace a wanke allon a ƙwarya. Wannan ruwa ba a zubar da shi inda ƙafa take bi, ko a sha ko a kai shi gindin bishiya. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce ilimi naman daji ne, rubutu ne igiyarsa, wanda ya kamo bai ɗaure ba ya yi wa daji kiwo. Da aka sa ni elementare na ɗauka wannan ladabi na ajami ne kawai, har ran da kakanka ya ga na yi fanka da takardar lissafi. Bai iya boko ba, amma ya ce, "Baƙi baƙi ne. Ka san inda sunan Allah ya faɗo?" Shi ne kuma mai sa ni in karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo a zaure bayan la'asar. A Zariya aka fara buga ta a 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko, in ta iso ƙauyenmu kuwa ta yi kwanaki a hanya, sai ta zaga gida goma kafin ta dawo.

Amma ba a nan abin ya shige ni ba. A 1967 aka fara yaƙin basasa, ina ɗan shekara goma sha shida, samarin garinmu da yawa suka shiga soja. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, ɗanta ɗaya tilo yana cikinsu. Wata safiya ta shigo gidanmu, ta kwance bakin zaninta, ta fito da ambulan mai kan sarki, ta miƙo mini da hannu biyu. Har yau ina jin ƙamshin daddawar da takardar ta ɗauka. Na zauna a kan turmi, ita a kan tabarma, na fara: takarda ta fito daga hannun wane, zuwa ga mahaifiyata, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Shi ma ɗan nata bai iya rubutu ba, wani abokin aikinsa ne ya rubuta masa. Ka ga magana tsakanin uwa da ɗanta, sai da ta bi ta hannun bare biyu.

A tsakiyar takardar ya ce ya ji rauni a cinya, yana kwance asibiti, amma da sauƙi. Na dubi fuskarta, na tsallake layin. Tausayi ne, wallahi ba wani abu ba. Da na kai ƙarshe ta ce in maimaita. Na maimaita, sai bakina ya yi tuntuɓe a daidai wurin, na haɗa maganar ba kamar ɗazu ba. Ta ɗago kai ta ce, "Yaro, ɗazu ba haka ka ce ba. Me ka ɓoye mini?" Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ji ɗaya ta haddace takardar. Na karanta mata layin. Ta yi salati, ta yi shiru, sannan ta ce in nuna mata wajen da aka rubuta "da sauƙi". Na nuna. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Da dare kakanka ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanda ya iya karatu idon makaho aka ara masa. In ka rage, ka yi sata. In ka ƙara, ka yi ƙarya." Washegari na je na rubuta mata amsa, tana faɗi ina rubutawa, har da cewa akuyarsa ta haifi biyu. Ta ba ni taro, kakanka ya sa na mayar. Daga nan duk Juma'a sai ta kawo takardar nan in sake karantawa, ko da sabuwa ta zo, har ninkin ya tsage muka liƙe shi da ƙaro. Aka gama yaƙi a Janairun 1970, ɗan ya dawo yana ɗingishi, ita kuwa takardar tana cikin kwallarta har ta rasu.

Tun shekarar nan na sayi littafin rubutu, ban sake kwana ban sa wani abu a takarda ba: ranar da ruwan shuka ya sauka, kuɗin tiyar gero, wanda aka haifa, wanda aka binne, wata magana da na ji a kasuwa ta tsaya mini a rai. Su ne cike da adakar nan da kuke cewa ta tare ɗaki. Ranar haihuwar babanka tana ciki, da abin da kakarka ta ce da aka miƙo mata shi.

Ku kam kun fi mu ganin rubutu, daga asuba har dare yatsa yana ta shafa gilashi. Abin da ke damuna shi ne ban ga kuna zama da shi ba. A karanta layi biyu a tura wa mutum ɗari, ba a san wa ya faɗa ba, ba a kai ƙarshe ba. Iyayenmu sun ce magana zarar bunu ce, to ina ga wadda aka rubuta aka watsa? Laifinmu ma yana ciki, mun saya muku waya ba mu zaunar da ku a zaure kun karanta mana ko shafi ɗaya da ƙarfi ba. Yaushe rabonka da ka gama littafi daga bango zuwa bango?

Batun ko addini ne, wanda yake ɗauke da aya ko sunan Allah ba sai an faɗa maka ba, sauran kuwa ka tambayi malamai, su ke da hukunci. Ni dai in na ga takarda a ƙasa, yatsan tsohuwar nan nake gani. In ka zo hutun Sallah ka taho mini da biro baƙi guda biyar da maganin gara, ta fara taɓa gindin adakar. Za mu fito da littattafan mu shanya su, ka karanta mini na 1973, shekarar fari, don tawadarsa ta fara kodewa. Ka gaishe da mahaifiyarka.