In zuba jarina a katakon Kanada tunda Amurka ta tsauwala masa haraji?

Tambaya: Ina sayar da katako a kasuwar 'yan katako ta Gombe. Abokina a Legas ya ce tunda Amurka ta ƙara wa katakon Kanada haraji zai yi araha, mu haɗa kuɗi mu shigo da kwantena guda ta katakon fain (itacen pine). Kusan duk jarina zai shiga ciki. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Labarin abokinka gaskiya ne, lissafinsa ne bai cika ba.

Wannan rigima ta faro tun 1982. Yawancin dazukan Kanada mallakar gwamnatocin larduna ne, su ke yanka kuɗin da mai sara zai biya, su kuwa masu injinan tsaga katako na Amurka suna cewa tallafi ne a fakaice. An yi yarjejeniya a 2006, ta ƙare a 2015, a 2025 kuma harajin ya kai kashi 35 cikin ɗari. To amma idan kasuwa ta yi sanyi, kamfanonin Kanada rage aiki suke yi ko su rufe wasu injinan, ba neman kai suke da kaya ba. Ko ƙasashen Afirka da ke sayen fain da yawa, irin su Masar da Aljeriya da Maroko, galibi daga Turai suke saye, musamman Suwidin da Finland, don sun fi kusa.

Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. A Mayun 2021 ya haura dala 1,600 kan ma'aunin ƙafa dubu a Amurka, kafin ƙarshen Agusta ya faɗo ƙasa da dala 500.

A ce ma ka samu arahar. Da dala za ka biya, ka buɗe Form M (takardar neman izinin shigo da kaya) a banki, ka biya kwastan da ejan, kayan su kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa ana ƙirga maka kuɗin jinkiri, sannan tirela ta ɗauko su tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kuɗinka zai yi watanni a kan ruwa, rumfarka kuma ba kaya. Ka tuna dalar da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne mai saye. Kafintan da ya zo neman tu-bai-fo na rufi, ɗaga katakon zai yi ya ji nauyinsa, ya danna farce a jiki, ya tambaya ko gara na ci. Fain ɗin da ba a yi masa magani ba, gararmu ba ta raga masa. Kuma da malaina da obece zai kwatanta farashin, ba ruwansa da sunan Kanada. Masu gane darajarsa su ne masu ƙera ƙofofi da kabad da gadaje, don busasshe ne, a miƙe yake, yana karɓar fenti. Su nawa ne a cikin kwastomominka?

Kada ka zuba uwar kuɗi gaba ɗaya. Ka ware abin da bai wuce kashi goma na jarinka ba, ka sayo ɗan kaɗan a naira daga masu shigo da shi a Legas, ka ba kafintoci uku ko huɗu su gwada. In sun dawo da kuɗinsu a hannu suna neman ƙari, sai a zauna batun kwantena, a rubuta kason kowa a takarda gaban shaidu, har da wanda zai ɗauki asara in kayan suka maƙale a tasha.