Baƙin lalle ya tayar mini da ƙuraje

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. A bikin ƙanwata a Tudun Wada, nan Gombe, aka yi mini zanen baƙin lalle, bayan kwana 2 sai duk inda zanen ya bi ya kumbura ya yi bororo, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Na sha yin irinsa a baya lafiya lau. Me ya same ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kumburin da ya bi sawun zane, har ana iya ganin siffar furen a tashe a bayan hannu, alama ce mai ƙarfi cewa fatarki ta ƙi abin da aka shafa mata. Jan lalle na gargajiya da wuya ya yi haka. Abin zargi shi ne dayis ɗin da ake haɗawa don zane ya yi baƙi ƙirin, domin yana ɗauke da wani sinadarin rini da ake kira PPD, wanda garkuwar jiki kan yi wa shaida a hankali, ta ƙyale shi sau da yawa, sannan wata rana ta far masa. Shi ya sa na baya ba su dame ki ba.

Tabbaci sai an yi gwaji. Likitan fata zai manna miki filasta masu ɗauke da ɗan kaɗan na sinadarai a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa a kwana na 3 ko na 4. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ki nemi ganinsa.

Kafin nan, kada ki fasa bororon, ki riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ki shafa bazilin. Likita zai iya rubuta miki man rage kumburi na 'yan kwanaki da ƙwayar ƙaiƙayi. Ina roƙonki ki guji mayukan bilicin da haɗe-haɗen kasuwa, don na ga hannayen da suka ɓata fiye da yadda lallen ya yi. In kuwa fuska ta kumbura, ko wurin ya fara mugunya, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za ki nufa nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ƙiyayya da jiki ke yi wa PPD ba ta gushewa, kuma yawancin rinin gashi na baƙi yana da PPD, don haka ki sanar da mai ƙunshinki da mai yi miki gyaran kai tun kafin su kwaɓa komai.