Amsa ga mai tambaya kan yogar ɗakin zafi a garinmu Sakkwato

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina ta ganin bidiyon yogar nan da ake yi a ɗaki mai zafi, ana cewa tana narkar da teɓa, tana fitar da dattin jiki, tana kuma yaye damuwa. Kina son sanin ko gaskiya ne, kuma tunda ba ki san inda ake yin ta kusa da ke ba, ko za ki iya rufe ɗaki da rana ki kashe fanka ki bi bidiyon. Wannan ta biyun amsarta gajera ce: a'a, kada ki soma. Ta farkon ce mai tsawo, sai ki yi haƙuri da ni.

Na yi ta lokacin da nake ƙaro karatu a Ingila, a ajin mata zalla. Da na dawo gida kuma muka haɗa 'yar ƙungiyarmu ta matan unguwa, muna yin motsin nan a tsakar gida ba tare da mun ƙara wani zafi ba. Don haka na ɗanɗana duka biyun.

Ita yoga, wato atisayen miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, daga Indiya ta fito, kuma ta daɗe. Ta ɗakin zafi ce sabuwa. Wani mutumin Kalkata mai suna Bikram Choudhury ne ya yaɗa ta a Kaliforniya ta Amurka cikin shekarun 1970. Tsarinsa motsi 26 ne da atisayen numfashi 2, a minti 90, cikin ɗakin da aka ɗumama ya kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas ko ya ɗan haura, da danshin iska kusan kashi 40 cikin 100. To ki duba wannan makin da kyau. Abin da suke biyan kuɗi a kunna musu na'ura ta kai shi, mu a watan Afrilu a inuwa muke wuce shi. Su in sun gama sai su fito cikin sanyi jiki ya huce. Ke in kin gama ina za ki fita? Tsakar gida wuta, ɗaki wuta, da dare bango na amayar da zafin da ya sha, wutar lantarki kuma sai yadda hali ya yi.

Akwai kuma wani abu da bidiyon ba ya nunawa. Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata. Wadda ke ɗiga ƙasa asarar ruwa ce kawai. A situdiyo, wato wurin da aka tanada don koyar da ita, ana auna zafin, ana auna danshin, akwai hanyar shigar iska, akwai malama da idonta ke kan kowa. Ɗakinki mai rufin kwano, a rufe, ba iska ba mai lura da ke, wani abu ne daban. In jiri ya ɗebe ki wa zai sani? Kuma don Allah kada wata ta ce bari ta jira hunturu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki ta rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Amfaninta ga jiki akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Ciwon ƙugu da na wuya da nake fama da su saboda yawan zama gaban kwamfuta sun ragu sosai. Cinyoyi da baya sun yi ƙarfi, tsayuwa da ƙafa ɗaya ta daina gagara ta, zaman tahiya da ke damun gwiwata ya zo da sauƙi, barci kuma ya gyaru. Sai dai duk waɗannan ban rasa ko ɗaya ba da na dawo ina yi a iskar safiya. Ba ni kaɗai na lura da haka ba: a 2018 masu bincike a wata jami'a ta jihar Texas sun fitar da sakamakon gwajin makonni 12, inda wasu suka yi motsin a ɗakin zafi, wasu suka yi irinsa a ɗaki mai yanayin da aka saba. Lafiyar jijiyoyin jinin ɓangarorin biyu ta inganta, zafin bai ƙara wa masu shi wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da zafi ke yi shi ne sassauta jiki ki ji kina lanƙwasuwa fiye da kullum. Daɗi gare shi a lokacin, amma nan ne mutum ke wuce iyakarsa bai sani ba, sai washegari bayan cinya ya kama.

Batun rage ƙiba kuwa an zuzuta shi. Wani bincike na jami'ar jihar Colorado ya auna abin da ake ƙonawa a ajin minti 90, ya samu kusan kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ke ƙonawa) 330 ga mata da 460 ga maza. Tafiya da sauri na tsawon wannan lokacin za ta ba ki kusan haka. In kin hau sikeli bayan aji kika ga kilo ɗaya ya tafi, ruwa ne, yana dawowa da kin sha. Maganar fitar da datti ma haka take. Wannan aikin hanta da ƙoda ne, zufa kusan dukkanta ruwa ce da gishiri. Hasali ma ƙodar ce ke shan wahala in kina yawan bari jikinki na bushewa.

Ta fannin zuciya da tunani ne na fi ganin abin. Minti 90 babu waya a hannu, babu mai kiran sunanki, ba abin da ke gabanki sai numfashinki da inda za ki sa ƙafa. Yaushe rabon matar aure mai yara da irin wannan? Jan numfashi a hankali ta hanci da sakin sa a hankali yana rage gudun bugun zuciya, kuma abu ne da ke bin ki har gida. Yau in raina ya ɓaci, kafin in buɗe baki sai in ji na ja numfashin nan da kaina. A 2023 likitocin babban asibitin Massachusetts da ke Boston sun buga wani gwaji kan mutum 80 masu ciwon damuwa. Bayan makonni 8, kusan kashi 59 cikin 100 na waɗanda suka shiga ajin zafi alamomin ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye, a ɓangaren da aka bari suna jira kuwa kusan kashi 6 ne. Sakamako ne mai kyau. Amma ki lura da wa aka gwada su: da mutanen da ke zaune suna jira. Wadda ta je aji ta yi wanka, ta fita daga gida, ta motsa jiki, ta ga fuskokin mutane, an gaishe ta. A cikin waɗannan wanne ne ya yi aikin? Gwajin bai raba su ba. Ni a nawa ganin, fita daga gida da haɗuwa da mutanen suna da kaso mai tsoka.

Na faɗi haka ne don na san abin da ya riƙe ni a can. Ba zafin ba ne, duk da cewa ga 'yar Sakkwato a tsakiyar sanyin Turai ɗakin nan rahama ne. Matan ne. Ƙasar da maƙwabcinki zai shekara bai san sunanki ba, sai ga wurin da in kin yi fashin mako za a tambaye ki ko lafiya. Malamar ta san gwiwata ta hagu ce mai matsala, kafin a zo motsin da zai taɓa ta ta riga ta yi mini alama da hannu. Bayan aji a zauna ana shan ruwa ana hira, wata nas, wata direbar bas, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ranar da ƙiwa ta kama ni, kunyar a ce ban zo ba ke fitar da ni daga bargo.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ya sa ƙungiyarmu ta nan ta kama ƙasa da wuri. Muna haɗuwa da safe bayan yara sun tafi makaranta, a gidan wata babbar yayarmu mai faɗin tsakar gida da inuwar dogon yaro. Kowa da tabarmarta. Ba a daɗe ba adashe ya shigo ciki, sai zuwa suna tare, sai dubiya, sai gaisuwar rasuwa. Akwai amaryar da aka kawo daga wani gari ba ta san kowa ba, wuni take a ɗaki ita da waya. Da farko gefe take zama ba ta cewa uffan. Mai gidan ta ce mata, “Ke dai taho kullum, in ba ki iyawa ki zamna ki yi muna hira.” Yanzu ita ke ƙirga mana numfashi. Akwai kuma wadda a hutawar ƙarshen atisaye, lokacin da kowa ke kwance shiru, hawaye suka zubo mata, daga nan muka san abin da take ciki a gida, manyanmu suka shiga maganar. Wannan babu bidiyon da zai yi miki shi.

Taron mata kuma kin san hali. Gulma na iya shigowa, gasar kayan sawa na iya shigowa. Dokokinmu biyu ne kuma ba ma sassauta su: ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, abin da aka faɗa a tsakar gidan nan kuma nan yake tsayawa. Sai a kula da ɗaukaka mai koyarwa fiye da kima. Shi kansa Bikram ɗin, mata da dama cikin ɗalibansa sun zarge shi da cin zarafi, a 2016 wata kotu a Los Angeles ta ci shi tarar miliyoyin daloli a ƙarar da tsohuwar lauyarsa ta shigar, ya bar Amurka, wurare da yawa kuma suka cire sunansa daga allunansu. Duk mai koyarwar da za ta ce ki daure ki ci gaba alhali kina jin jiri, ko ta hana ki shan ruwa, ki naɗe tabarmarki.

Na san wasu a nan za su tayar da maganar addini, kuma suna da hujja. Yoga tana da tushe a ibadar Hindu. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi rera kalmomin bautarsu. Mu abin da muke yi shi ne miƙa gaɓoɓi da numfashi kawai: babu rera komai, babu jerin motsin nan na gaida rana, babu haɗa tafin hannu a rusuna wa wani. Ni ba malama ba ce, ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin ainihin abin da ake yi, ya ba ki fatawa.

In za ki fara, yanzu ki nemi mutum biyu ko uku cikin maƙwabta ko 'yan'uwa. Da sassafe, a inuwa, inda iska ke wucewa. Minti 20 zuwa 30 ya isa a farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi, sai dai ranar da ƙura ta yi yawa a koma falo. Daga Maris zuwa Mayu a rage tsawo da ƙarfi, in azumi ne kuma a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Mai aikin ƙarfi cikin zafi na iya zubar da lita ɗaya ko fiye ta zufa a awa guda, wato ledar fiya-wata biyu, don haka ki sha ruwa tun kafin ki fara, kada ki jira ƙishirwa. Launin fitsari zai gaya miki gaskiya: in ya yi duhu ruwa bai ishe ki ba. Ranar da kika yi zufa sosai, ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko ɗaurewar nama, duk alama ce ta a tsaya, a koma inuwa, a jiƙa jiki. In mutum ya fara rikicewa yana magana ba kan gado, ba a jira, asibiti za a nufa ana zuba masa ruwa a jiki.

Wadda wata rana ta je Abuja ko Legas ko waje ta samu situdiyo na gaske, in lafiyarta ƙalau ta gwada, ta tsaya kusa da ƙofa, ta zauna duk lokacin da ta ga dama. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Amma akwai waɗanda ɗakin zafi ba nasu ba ne sam: mai ciki, musamman a watannin farko, mai sikila, domin bushewar jiki na tayar da ciwon, mai ciwon zuciya ko ƙoda. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari da mai ciwon suga sai da izinin likita. Mai jego ma ta dakata, domin likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa ya fi yawa a arewacin Najeriya fiye da mafi yawan sassan duniya, kuma haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa ba abin rainawa ba ne.

Kin ambaci damuwa a tambayarki, ban so in wuce ta haka nan. In abin ya kai makonni ba kya barci, ba kya jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanki na zuwa miki, motsa jiki taimako ne kawai. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Ki yi mini magana ta gefe ki gaya mini ko kina shan wani magani da kuma watannin ƙaramin ɗanki, sai in faɗa miki motsin da ya dace ki fara da su.