Zuwa ga ƙanena mai shirin tahowa Ingila: maganar coci da masauki

Ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, shif ɗin dare ne ya hana ni amsawa. Ka ce biza ta fito, mun gode Ubangiji, kuma kana tambaya wai in ka sauka Manchesta coci za ta ba ka masauki kamar yadda ake yi a gida, tunda kai ɗan kwaya ne, wato mawaƙan coci, kuma fasto ya rubuta maka takarda. To zauna in gaya ma gaskiya.

Ka san mu a Sakkwato baƙo bai kwana waje. Ɗan bautar ƙasa ya sauka tasha bai san kowa ba bai jin Hausa, ya tambayi inda cocin ECWA take ko Katolika, kafin dare an samo mishi katifa, gobe 'yan Zumuntar Mata sun aiko da tuwo a kula. Mamanmu sau nawa ta kore mu daga ɗaki muka koma tsakar gida saboda baƙi daga Zuru, mu kuma muna ta gunaguni. Wanga hali na ɗauko na taho da shi a 2021, ina ganin ai ko'ina coci ɗaya ce.

Ranar Lahadin farko na shiga wata ƙaramar cocin Angilikan kusa da inda na sauka, tsofaffi ne kusan duka, ba su kai arba'in ba. Aka tashi aka ba ni shayi da biskit guda biyu, kowa ya yi min murmushi ya tambayi sunana, shi ke nan kowa ya shiga motarsa. Gaskiya na koma ɗaki ina cewa waɗannan ba su san ƙaunar Kristi ba. Ashe ni ne ban iya karanta su ba. Sati na gaba wata tsohuwa da ko magana ba mu yi sosai ba ta miƙo min leda, jaket ɗin marigayi mijinta ce da safar hannu, wai ta lura ina rawar sanyi lokacin addu'a. Ni da na taso inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga Disamba nan rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, wannan jaket ita ta fitar da ni hunturun farko, har yau tana nan. Bature ba zai ce taho ka kwana gidana ba, ba al'adarsu ba ce, kuma da yawa gidan haya suke, mai gida ya rubuta mutum nawa za su zauna. Amma zai cika maka fom, ya kai ka asibiti da motarsa, ya nuna maka cocin da ke raba kayan abinci kyauta ba tare da an tambaye ka ɗarikarka ko addininka ba.

Cocin 'yan Najeriya kuwa akwai su birjik, Redeemed kaɗai ba ka ƙirga rassanta. Nan za ka ji ganga ka ci jalof ka ji kamar kana gida, kuma wani ɗan'uwa can ya bar ni na kwana falonsa sati uku bai karɓi ko sisi ba, shi da matarsa da yara biyu a ɗaki biyu, sai daga baya na gane irin takurar da na jawo musu. Amma a irin wurin nan ne kuma wani mai kirana ɗan'uwa cikin Ubangiji ya karɓi fam ɗari biyu hannuna wai zai samo min ɗaki, ɗaki bai zo ba kuɗi ba su dawo ba, kuma Lahadi yana gaba yana ɗaga hannu. Na yafe, amma na koyi hankali. Duk wanda ya haɗa maka sunan Yesu da lambar asusun banki, ka tsaya ka tambayi dattawan coci tukuna.

Saboda haka ka nemi ɗakinka tun kana gida ta hanyar makaranta, ka riƙe kuɗin haya na wata biyu ko uku. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, yawancin waɗanda za ka tarar a coci su ma haka suke fama, ga kuɗin makaranta ga 'yan gida na jiran aike. In sun ba ka falo kwana biyar, sadaukarwa ce babba, ka wanke kwanoni ka sayo ko burodi, kuma ka faɗi ranar da za ka tashi.

Abin da na fi so ka ji shi ne kada ka shigo da tunanin mi za a yi min kawai. Wata shida ka zama ɗan gari, wani zai sauka bayanka da akwati yana rawar ɗari. Bara wani yaro ɗan unguwar Mabera a Sakkwato, musulmi ne, aka ba shi lambata, ya kwana tara a wajena, ni na duba mishi alƙibla a waya na share mishi kusurwar da zai yi salla. Wani a coci ya ce min ai ba namu ba ne. Na ce Ibraniyawa 13 ta Littafi Mai Tsarki da ta ce kada mu manta da karɓar baƙi ba ta ce sai mai katin baftisma ba, kuma yaron nan da ya buɗe baki ya yi min Sakkwatanci sai da na ji hawaye.

Ka turo min ranar da jirginku zai sauka, in ba ni da shif zan zo da kaina, in ina da shi zan turo wani. Falona na nan sati biyu, ban yi alkawarin fiye da haka ba. Ka riƙo min kuka da daddawa da yaji, amma kilishi kada ka soma, ba a shigowa da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida Mama da su Baba fasto.