Tambaya da Amsa: Manhajar da Buƙatunta Ke Sauyawa

Tambaya: Ni ne akawun wani kamfanin dillancin kayan masarufi. Shekara uku ke nan da aka rubuta mana manhajar ajiye bayanan ciniki, amma duk lokacin da tsarin aikinmu ya sauya, sai masu manhajar su ce gyaran ba ya cikin yarjejeniya. Yaya ake tsara buƙatun manhaja alhali aikin da take yi kullum cikin sauyawa yake?
Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, wannan matsala ta daɗe. Tun a shekarun 1970, Meir Lehman, masanin kwamfuta wanda ya nazarci babbar manhajar OS/360 ta kamfanin IBM, ya nuna cewa manhajar da ake gudanar da harkokin yau da kullum da ita tilas a riƙa sauya ta, in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa. Inda aka yi kuskure shi ne ɗaukar takardar buƙatu, wato jerin abubuwan da ake so manhajar ta yi, kamar abin da ake rubutawa sau ɗaya a jefa a aljihun tebur.

Ka tuna watan Fabrairun 2020, lokacin da harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Manhajar da aka cusa wa lamba 5 cikin umarninta sai an nemo wanda ya rubuta ta, amma wadda aka ware wa harajin gurbi a shafin saiti, akawu da kansa zai gyara. Saboda haka tun ranar tattara buƙatu ya kamata a tambayi kowace ƙa'ida ko mai sauyawa ce, kamar haraji, farashin sari da wa'adin biyan bashi, a kuma zauna da mai kula da sito a ga yadda yake shigar da buhunan da suka iso a yage, domin irin wannan ba ya fitowa a taron manyan ma'aikata.

A ganina abin da ya fi muhimmanci shi ne bin sawu: kowace buƙata a ba ta lamba, a rubuta wanda ya nema, da dalilinsa, da sashen manhajar da ke cika ta, ta yadda in sauyi ya zo za a san abin da zai taɓa da kuɗin da zai ci tun kafin a fara. Idan kun zo sabunta yarjejeniya, ku nemi a sa sharaɗin zama kan jerin buƙatun duk bayan mako biyu zuwa huɗu, ku ne kuma za ku zaɓi wadda za a fara da ita.