Fadamar da aka gina da hannu tana hana ambaliya kuwa?

Tambaya: Na ji cewa a wasu ƙasashe ana haƙa fadama da gangan a tsakiyar birni domin rage ambaliya. Me ya raba ta da kududdufan unguwarmu, waɗanda ba abin da suke tara mana sai sauro? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, abin da ya raba su shi ne mashiga da mafita. Kududdufi rami ne da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini, ruwa ya shiga ya kwanta har sai rana ta ƙafar da shi. Ita kuwa fadamar da injiniyoyi suka tsara, ruwan da ya gangaro daga kwalta da rufin kwano yakan fara faɗawa wani ɗan tafki mai zurfi a bakinta, inda yashi da laka suke kwantawa, sannan ya ratsa ciyayin ruwa a hankali, ya fita ta siririn bututu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan jinkirin shi ne babban amfaninta, domin ruwan da zai cika kwata lokaci guda ya shiga gidajen mutane, sai ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan.

Batun sauro yana bin wannan lissafi. Tsutsarsa tana buƙatar kimanin mako guda a ruwan da ke kwance kafin ta yi fiffike, alhali ruwan fadamar yakan fita kafin nan, sashen da ba ya ƙafewa kuma akan zurfafa shi domin kifi ya zauna ya cinye ta.

Tsibirin Staten na birnin New York ya kama wannan hanya tun shekarun 1990, ƙasar Sin kuma ta zaɓi birane 16 a 2015 domin gwada tsarin biranen da ke tsotse ruwa kamar soso. Sai dai kada a ɗora wa irin wannan fadama abin da ya fi ƙarfinta. A watan Yulin 2021 ruwan da ya haura milimita 200 ya sauka a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin cikin sa'a guda, birnin kuwa yana cikin waɗanda suka kashe kuɗi a kan tsarin, amma ambaliya ta ci shi.

A ganina, inda za mu fi shan wahala shi ne kulawa. Ciyawar kachala da ake shukawa a irin wannan fadama ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Idan ba a yanke ta, ba a kuma kwashe laka da leda kafin damina, cikin 'yan shekaru mafitar za ta toshe, ruwan ya daina fita.