Tambayoyinku: Yadda ake gwada babur ɗin tsere mai lantarki a kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniya ne a Zariya. Na kalli tseren MotoE, gasar baburan lantarki, a YouTube, na ji an ce a kwamfuta ake fara gwada baburan kafin a ƙera su. Yaya ake yin haka? Kwamfutata mai RAM 8GB za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abin da ake yi shi ne a mayar da babur lissafi. Za ka faɗa wa manhaja nauyinsa, da ƙarfin injinsa na lantarki, da yawan wutar batirinsa, da yadda tayarsa ke kama kwalta, sannan ka ba ta taswirar filin tseren da duk kwanoninsa. Ita kuma ta tuƙa shi, ta gaya maka lokacin da zai ci a zagaye ɗaya da wutar da zai sha. Ka sauya abu ɗaya, ka sake gwadawa, sau ɗaruruwa, ba ka ƙona kwabo a kan ƙarfe ba.

Duk ciwon kan yana wajen batir. Duba babur ɗin V21L na kamfanin Ducati na Italiya, wanda ya karɓi gasar MotoE a 2023 daga hannun kamfanin Energica. A 2023 nauyinsa kilo 225 ne, batir kaɗai ya kwashe kilo 110, alhali mafi ƙarancin nauyin da aka amince wa babur mai shan fetur na babbar gasar MotoGP kilo 157 ne. Idan ka ƙara batir don ya jure tsere, babur ya yi nauyi, birki ya wahala, kwana ta gagara. Idan ka rage, wuta ta ƙare kafin a ɗaga tuta. Ga kuma zafi: batirin da ya ɗumama fiye da kima dole a rage masa aiki, gudu ya faɗi. Shi ya sa Ducati ta raba hanyar ruwan sanyayawa biyu, ɗaya ta batir, ɗaya ta injin da na'urar juya wuta. A ganina, gwajin da bai lissafa zafi ba ruɗin kai ne kawai, domin lokacin zagayen da zai ba ka, babur na gaske ba zai iya maimaita shi a zagayen ƙarshe ba.

Sai iska. Gudu ya ninka biyu, turjiyarta ta ninka huɗu, kuma wannan babur ya taɓa kai kilomita 275 a awa ɗaya a filin tsere na Mugello da ke Italiya. Don haka har zaman matuƙi ana sa shi cikin lissafi.

Batun kwamfutarka, kwantar da hankalinka. Lissafin zagaye da na batir ba su da nauyi. Python (harshen rubuta manhaja) ko Scilab (manhajar lissafi), waɗanda kyauta ne, za su yi maka. Manhajojin MATLAB da Simulink na kuɗi ne, ka tambaya ko sashenku na da lasisi. Inda za ta yi nishi shi ne gwajin iska da manhajar OpenFOAM ko Ansys Fluent. Ka ajiye wannan sai ka samu babbar kwamfuta, yanzu ka fara da batir.

Tambaya: Malam, ni waya kawai nake da ita. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, 'yar uwa. Buɗe shafin Google Colab a burauzar wayarki ki rubuta Python a can. Kwamfutocin Google ne ke yin lissafin, wayarki nuna sakamako kawai take yi. Sai dai rubutu a ƙaramin allo na da gajiyarwa, don haka ki nemi kibod mai Bluetooth.